Samanja: soja ne ya shiga wasa, ko ɗan wasa ne ya gina soja?

Ɗan Daɓe:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ake yawan yi duk sanda aka ambaci marigayi Usman Baba Pategi, wai ai Samanja bai yi wani wasa ba, rayuwarsa ta bariki ya kwaso ya zube a gaban kyamara. Wannan magana tana ci mini rai, don tana rage wa mutumin daraja ko da masu faɗinta yabo suke nufi. Gaskiya ne ya sa kaki, ya yi soja tun zamanin yaƙin basasa. Amma Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke jihar Kwara ta yanzu, an haife shi a 1942, kuma ma'aikacin gidan rediyo ne a Kaduna. Shirinsa na Samanja Mazan Fama ya fara tashe a shekarun 1970, a rediyo da talabijin, kuma har ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba 2023 yana da shekara 81, mutane da yawa ba su san sunansa na yanka ba. Dubban mutane sun riƙe muƙamin samanja a sojan Najeriya, amma mutum ɗaya aka laƙaba wa sunan. Ina son masana su buɗe mana yadda ake gina irin wannan rawa, gaɓa-gaɓa.

Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba Samanja. Malam Ɗan Daɓe, ni dai ina cikin masu waccan maganar, kuma ba raini ba ne. Ma'aunin ɗan wasan da ba jarumi ba, wanda ake nema don ya ɗauki halin wani, shi ne yawan rigunan da zai iya shiga. Yau alƙali, gobe dillali, jibi tsohon da ya rikice. Wanda ya shekara da shekaru a riga ɗaya, kuma rigar nan ta sana'arsa ce ta asali, ta ina za mu gane iyakar gwanintarsa? Tafiyar fareti da tsawa an koya masa su a matsayin aiki. Abin da za a ce ya ƙara shi ne barkwanci, kuma wannan baiwa ce daga Allah.

Baba Mai Igiya Uku:
Ɗana na Tudun Wada, tsaya ka ji. Samanjan gaske in aka ɗauko shi daga filin fareti aka tsayar a gaban kyamara, tsoro zai ba ka, ko ka gaji da shi cikin minti biyar. Dariyar tana fitowa ne daga inda muƙamin yake zaune. Kurtu, farabiti, mai igiya ɗaya, kofur mai biyu, saje mai uku, duk suna ƙarƙashinsa, in ya yi tari sai su ƙame. Amma yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai da ya fito daga makarantar hafsoshi ta Kaduna da anini ɗaya a kafaɗa, samanja ne zai sara masa, shi kuma samanja ba a sara masa. Sannan ya koma gida ya tarar da iyali, inda tsawa ba ta sayen cefane. Mutum ɗaya, fuska uku, kuma aikin ɗan wasa shi ne ya sauya daga wannan zuwa waccan cikin ƙiftawar ido ba tare da ya zama wani mutum dabam ba.

Ga abin da masu kwaikwayon soja a yanzu suke ɓatawa. Ƙamewa: dugadugai a haɗe, yatsun ƙafa a ɗan buɗe, babban yatsan hannu a kan ɗinkin wando, haɓa a ɗage, ido ba ya bin mai magana. Sarawa: hannun dama ya tashi ta doguwar hanya, ta gefe, tafi yana kallon gaba, ya sauko ta gajeriyar hanya. Ba a sarawa da kai ba hula. Sanda tana ƙarƙashin hammatar hagu don dama ta zauna a sake. Tafiya kusan taku 120 a minti, kowane taku inci 30. Alamar samanja tana gaban hannu kusa da wuyan hannu, sai ka ga a fim an liƙa masa igiyar saje a dantse. Umarnin fareti kuma kashi biyu ne: a ja kalmar gargaɗi ta yi tsawo, a ɗan tsaya, sannan a yanke kalmar zartarwa gajeriya kamar bulala. Wanda ya haɗe su wuri ɗaya ihu kawai yake yi.

To, mai wasa sai ya iya duk wannan daidai tukuna, sannan ya zaɓi abu ɗaya ko biyu ya ƙara musu gishiri. Ya riƙe ƙamewar ta wuce lokacinta kaɗan, ko ya buga ƙafa da ƙarfin da ya fi laifin da aka yi. In ya ƙara wa komai gishiri, ya zama wawa a kaki, kuma sojoji da iyalansu, waɗanda su ne 'yan kallo na farko, za su juya masa baya.

Malamin Adabi:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Bari in ɗora da harshe, don a nan ne hujjar Na Tudun Wada ta fi rauni. Tun zamanin Turawa Hausa ce harshen sojan ƙasar nan. Defo na Zariya, da aka kafa a 1924, yana karɓar kurata daga kowace ƙabila, kuma Hausar da suke tsinta a can ita ce masana ke kira Barikanci. Tana da alamominta. Bambancin namiji da mace yana faɗuwa, a ce "ya zo" ga mace, a ce "ne" inda ake bukatar "ce". Haruffa masu lanƙwasa suna miƙewa, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d. Karin sauti yana bajewa, ga kalmomin Turanci na aiki a tsakiyar jimla. Bakin Samanja daga wannan rijiya aka ɗebo shi, aka cakuɗa da Turancin buroka, wanda shi ya ba shirin damar fita daga Arewa ya shiga gidajen da ba sa jin Hausa lokacin da NTA, gidan talabijin na ƙasa, ta riƙa watsa shi a faɗin ƙasa.

Amma gurɓata harshe a wasa yana da doka. Ɗan wasa zai zaɓi kurakurai uku ko huɗu, ya tsaya a kansu a kowane shiri, shekara da shekaru. In yau ya ce "matana ya tafi", gobe ya manta ya ce "matata ta tafi", kunnen Bahaushe zai kama shi nan take, rawar ta tsage. Na biyu, kuskure ba zai faɗa kan kalmar da ke ɗauke da ma'anar barkwancin ba, dole wannan ta fito tas. Na uku, in abin tausayi ya zo a labari, sai a rage kurakuran kaɗan ba tare da an bar su ba, don kada mai kallo ya yi dariya inda ake son ya yi shiru. Sojan da Barikanci ne bakinsa na kullum ba ya lissafa wannan. Kuma ku tuna yawancin wasannin Hausa na wancan zamani ba a rubuta musu zance kalma-kalma. Ana tsara fitowa-fitowa, a ce ga inda za a fara, ga inda za a ƙare, zancen kuma 'yan wasa su ƙirƙira a take. Riƙe dokar baki irin wannan alhali kana ƙirƙirar zance nan take, horo ne mai tsanani.

Na Tudun Wada:
Allah ya gafarta Malam, maganar tsayawa kan kurakurai ta shige ni, ban taɓa auna ta haka ba. Sai dai har yanzu muna kan riga ɗaya. Zan dawo kan wannan, bari masu na'ura su yi nasu bayanin.

Baban Sauti:
Rigar ɗaya ce, amma ɗakuna uku aka shiga da ita, kuma kowane ɗaki da dokarsa. A rediyo babu kaki, babu ido, babu tafiya. Dole murya ta ɗauki muƙamin gaba ɗaya. Magana ta yau da kullum ana yin ta da tazarar taƙi ɗaya daga makirfo. In za a daka tsawa, mai wasa zai ja baya kamar tsawon hannu, ya ɗan kau da baki gefe. In bai yi haka ba allurar mita za ta faɗa ja, sautin ya fashe, kuma abin da ya fashe a kan zaren rikoda ba ya gyaruwa, sai a sake ɗauka. Wannan ja da baya da dawowa shi ke zana wa mai sauraro faɗin fili: na nesa yana bakin ƙofa, na kusa yana gabanka. Harufan b da f, da ƙ da ts ɗinmu masu fita da ƙarfi, suna bugun makirfo in an fuskance shi kai tsaye. Takarda in akwai, a cire mata ƙusa, a riƙa zame kowane shafi a hankali. Takun takalmi kuma wani ne ke yin sa a kan faranti mai tsakuwa, dole ya bi numfashin mai magana.

Ita kanta tsawar, daga ciki ake turo ta, ƙasan haƙarƙari, maƙogwaro a buɗe kamar mai hamma. Mai matse maƙogwaro zai yi mako biyu yana burge mutane, a na uku murya ta dishe, in ya nace tsiro ya fito masa a igiyar murya. Kafin ɗauka a ɗumama murya minti goma zuwa sha biyar, a fara da gunji baki rufe, a hau a hankali. Ruwa mai ɗumi, musamman da hunturu in ƙura ta sauko. Rawar da rabinta tsawa ce, a riƙe ta tsawon shekaru murya ba ta mutu ba, wannan kaɗai ya isa shaida.

Mai Fitila:
A talabijin kuma abin juyewa yake. An buɗe talabijin a Kaduna a 1962, NTA ta haɗe tashoshin ƙasa a 1977, kuma tsarin situdiyo na lokacin kyamara biyu ko uku ne suna ɗauka tare, darakta yana ɗakin sarrafawa yana yanka daga wannan zuwa waccan. Wadda jar fitilarta ta kama ita ke kan aiki. Ɗan wasa zai san wacce ce da wutsiyar ido, bai kalle ta ba. A ƙasa an yi masa alama da alli ko salatif. Ya wuce ta da taku ɗaya, ya fita daga haske, ko ya rufe abokin wasa, ko inuwar sandar makirfo ta faɗo masa a goshi. Tacewa tana da wuya da tsada, don haka ana ɗaukar fitowa mai tsawo a numfashi ɗaya, kuskure a minti na shida yana nufin a koma farko.

Matsalar rawar soja a nan ita ce girman motsi. Sarawar da ta yi kyau a fili, in an matso da kyamara kusa, hannun fita yake daga hoto. Sai gwani ya ajiye babban motsi don hoto mai faɗi, in an matso kuma ya mayar da wasan cikin gira, ƙwayar ido da kumatu. Hula in ta sauko da yawa tana jefa inuwa a ido, kuma ɗan barkwancin da ba a ganin idonsa ya yi asarar rabin kayan aikinsa, shi ya sa ake ɗan ɗaga ta ko a ƙara ƙaramar fitila daga ƙasa. Kyamarorin da kuma ba sa son ƙyalli. Kan bel ko maɓallin tagulla da aka goge, in fitila ta doke shi, sai ya ja wutsiyar haske a hoto, dole a dusashe shi da ɗan sabulu. Wato abin da bariki ke yabo, situdiyo na hana shi.

Hajiya Mai Sutura:
Sannunku da ƙoƙari. Malam Mai Fitila ya taɓo ɓangarena. Kakin wasa saiti biyu ake tanada iri ɗaya, don zafin fitilun nan yana jiƙa riga kafin a gama fitowa biyu, kuma gumin hammata ba ya ɓuya a kaki. A sa sitaci ya tsaya, karin guga ya fito a hannu da wando. In ana son cikin mutum ya yi magana, riga ta ɗan matse, bel ya zauna ƙasan tumbi. In ana son ƙirji, bel ya hau. Wannan zaɓi tun ranar farko ake yin sa, kuma ba a sauya shi. Takalmi mai ƙusa yana cika makirfo da ƙara a daɓen situdiyo, sai a manna masa roba ko tsumma mai kauri a ƙasa, a bar bugun ƙafar ga inda ake son sa.

Ga matasa masu liƙa gashin baki: a goge wurin da sifirit ya bushe, a shafa gam ɗin kwalliya siriri, a jira kamar rabin minti ya yi danƙo, a danna da tsumma, sannan a datse da almakashi a fuska. Wanda ya liƙa a kan gumi, ko ya yi shi ya wuce kusurwar baki, tsawa ta biyu gefe zai ɗage. Kuma a riƙe littafi ana rubuta komai: hula ta karkata ta ina, agogo a wane hannu, maɓalli nawa a buɗe. Sannan duk mai son fita waje da kaki don ɗauka ya nemi izini a rubuce tukuna, don sa kayan soja haka kawai laifi ne.

Abu ɗaya da ba ku faɗa ba, Yaya Ɗan Daɓe. Fitowar cikin gida ba ta tafiya sai da abokan wasa masu iya yin shiru. Mai tsawa yana bukatar wadda za ta bar shi ya gama, ta dube shi, ta ba shi amsa da murya ƙasa-ƙasa. Rabin dariyar a hannunta take.

Ɗan Daɓe:
Wallahi haka ne Hajiya, kuma a daɓe ne wannan ya fi fitowa fili. Wasan daɓe ba a sake ɗauka, ba a matso da fuska. Na layin ƙarshe dole ya ji, ya kuma gane waye wannan tun kafin ya buɗe baki, daga yadda ya shigo. Ana tsayawa a karkace, kashi uku cikin huɗu na jiki yana fuskantar jama'a, a yi nuni da hannun da ke nesa da su don kada a rufe fuska. Sai babban abu, jiran dariya. Tana tashi, ta kai ƙololuwa, ta fara sauka. Ana shigowa da magana ta gaba ne daidai sanda ta fara sauka. Ka shigo da wuri, ba a ji ka ba, kuma jama'a za su fara danne dariyarsu don kada su rasa zance. Ka bari ta mutu, wasan ya yi sanyi. Lokacin jiran nan kuma ba a fita daga hali, samanja yana nan a ƙame yana huci.

A situdiyo babu jama'a, sai mutum ya ƙiyasta dariyar da za a yi a falon gidan da bai gani ba, ya bar mata gurbin daƙiƙa biyu, darakta ya cike da fuskar wanda aka yi wa tsawa. Wannan kunne daga gaban jama'a ake samo shi, kuma muna da tushensa tun kafin rediyo, a wajen 'yan kama da 'yan gambara da yaran tashe masu kwaikwayon dattawa da azumi.

Na Tudun Wada:
To na dawo. Na yarda gini ne, ba kwasowa ba. Amma ku ajiye shi kusa da marigayi Kasimu Yero, wanda ya rasu a Kaduna a Satumbar 2017. A Cock Crow at Dawn, shirin noma da NTA ta ɗauka a yankin Jos a farkon shekarun 1980, shi ne Gaga, kawu mai taurin kai, da Turanci, kuma a fili ake ɗauka, cikin rana da iska. A Karambana ya yi barkwanci da Hausa. Ya fito a Magana Jari Ce ta talabijin, inda zance yake na fada da ladabin sarauta, ga rawani da manyan riguna masu sauya yadda mutum ke zama da tashi. Harshe biyu, hali iri-iri, kuma sunansa na yanka bai ɓace ba. Wannan nake kira faɗi. Samanja zurfi ya yi a rami ɗaya, kuma ina ganin ramin ya riƙe shi.

Malamin Adabi:
Wannan rabon na yarda da shi, faɗi da zurfi, in dai ba za a ɗora ɗaya kan ɗaya ba. Riƙewar kuma tana da dalilin da ya wuce ɗan wasa. Shiri in ya karɓu, tasha ba ta son a taɓa shi, masu talla suna son fuskar da aka sani, masu gayyata zuwa taro suna cewa ya zo da kakin. Duk furodusan da ya sa shi a rawar limami ko attajiri ya san jama'a za su fara dariya tun bai yi magana ba. Haka ta faru da Karkuzu a Jos, haka da marigayi Rabilu Musa, wanda har ya rasu a Disambar 2014 Ibro ake ce masa. Mai son kauce wa wannan sai ya karɓi rawa ta dabam tun cikin shekara biyun farko, ya sauya murya da tafiya gaba ɗaya, ko da kuɗinta bai kai ba.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga manya. Mu ma a Nijar Rediyon Kaduna yana shigo mana, don haka muryar ba baƙuwa ba ce. Kuma tsarin da Malam ya faɗa, na tsara labari a bar zance ga 'yan wasa, shi ƙungiyar Yazi Dogo ta yi aiki da shi a daɓe da talabijin. Bambancin kawai, sojanmu da ma'aikacinmu Faransanci yake cusawa a Hausarsa. Tambayata ga Baban Sauti: in an samu tsohon kaset na irin waɗannan shirye-shirye a gida ko a sito, me za a yi da shi?

Baban Sauti:
Ƙanena, abu na farko kada a saka shi a na'ura don a gwada. Kaset a lokacin tsada gare shi, tashoshi a ko'ina, har BBC, sun riƙa goge tsohon shiri su ɗora sabo, don haka wanda ya tsira yana iya zama shi kaɗai ne. Yawanci za ka tarar U-matic ne, wato kaset ɗin bidiyo na tashoshin talabijin, wanda faɗin zarensa kashi uku cikin huɗu na inci ne, babba yana ɗaukar har minti 60, ƙarami na fita waje minti 20, ko kuma VHS da wani ya ɗauka daga akwatin gidansa. Duba ta tagar kaset ɗin. In ka ga fari-fari kamar gari, fumfuna ce, a ware shi daga sauran. In yana wari ko zaren yana mannewa, danshi ya lalata gam ɗin da ke riƙe maganaɗisun, kuma in ya zagaya kan na'ura zai kankare hoton ya toshe ta.

Masu gyara suna gasa irin wannan a tanda ta musamman, zafi wajen digiri 50 zuwa 55, na sa'o'i masu yawa, ya huce a hankali, sannan a juye shi zuwa kwamfuta cikin 'yan kwanaki kafin danshin ya dawo. Tandar girki ko shanya a rana narkar da shi za su yi. Kafin a samu mai yi, a ɓalle maɓallin hana gogewa, a jera su a tsaye kamar littattafai, a ɗaki mai sanyi marar danshi, nesa da lasifika da janareta. A kwafe duk abin da ke rubuce a jikin kwalin, don sau da yawa nan ne kaɗai sunan shirin da ranar ɗauka suke. In an juye, a yi kwafi uku, biyu a wurare dabam-dabam, kuma a ajiye kaset ɗin na asali.